Ƙarfin Sojan Kudu a Yaƙin Basasar Amurka

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka. Yau za mu duba yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ta ɓangaren jihohi 11 na Kudu da suka ɓalle, domin mu gane yadda suka yi shekara 4 suna fafatawa, alhali jama'arsu kimanin miliyan 9 ce kawai, kusan miliyan 3 da rabi kuma bayi ne, yayin da jihohin Arewa suke da mutum wajen miliyan 22 da mafi yawan masana'antun ƙasar.

Abin da aka fi ambata shi ne gwanintar janarorinsu, kuma akwai gaskiya a ciki. A watan Afrilun 1861 aka yi wa Robert Lee tayin jagorancin rundunar tarayya, wato ta Arewa, ya ƙi, ya ajiye aiki ya bi jiharsa ta Virginia. Shi ne kuma ya raba rundunarsa ta mutum kimanin 60,000 a Chancellorsville a watan Mayun 1863, ya fatattaki abokan gaba da suka ninka shi yawa. Sai dai a ganina an cika zuzuta wannan fanni, domin a fagen daga na yamma janarorin Kudu sun sha kashi sau da dama.

Babban ƙarfinsu shi ne irin yaƙin da ya faɗo musu. Wajibi ne Arewa ta shiga ƙasa mai faɗin murabba'in mil 750,000, ta ci garuruwa, ta girke dakaru a kowane, ta kuma tsare hanyoyin abinci da makamai. Kudu kuwa ba ta buƙatar cin ƙasar kowa. Ya ishe ta ta jure har mutanen Arewa su gaji. Bindigar zamanin ma mai tsaro ta fi taimaka wa, saboda harsashinta yana cin nisa fiye da na dā. Ku dubi abin da ya faru a Fredericksburg a watan Disambar 1862. Sojojin Kudu sun laɓe a bayan katangar dutse a gindin tudu, na baya suna ɗura bindiga suna miƙa wa na gaba, dakarun Arewa kuma suna tahowa sahu bayan sahu a fili fetal, ba wanda ya kai ga katangar. Arewa ta yi asarar mutum sama da 12,000, matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, Kudu kuwa ba ta kai rabin haka ba. Da Lee ya bar wannan dabara ya kai hari Gettysburg a 1863, shi ma abin da ya same shi ke nan.

Kasancewar sojojin Kudu a cikin gida ya ba su damar kai ɗauki da sauri. A Manassas, a watan Yulin 1861, jirgin ƙasa ne ya kwaso dakarun Janar Johnston daga kwarin Shenandoah, suka iso ana tsakiyar bukatarsu. Ta fannin makamai kuma, Josiah Gorgas, shugaban sashen makaman Kudu, ya yi aikin da ba a cika yabawa ba: da masana'antar ƙarfe ta Tredegar a Richmond da ta albarushi a Augusta, ya sa sojan Kudu ya fi kukan rashin takalmi da abinci a kan rashin harsashi.

Saura abu guda mai ɗaci, wato bauta. Bayi ne suka riƙe gonaki, su ne aka tilasta wa haƙa ramukan tsaro da tuƙa amalanken kaya, shi ya sa Kudu ta iya tura mafi yawan fararen mazajenta fagen fama. Amma duk inda rundunar Arewa ta matso, bayi sukan gudu su same ta, kuma kafin a gama yaƙin baƙaƙen fata kusan 180,000, yawancinsu tsofaffin bayi, sun sa kakin sojan tarayya.