Gautsi da Danƙo: Abin da Ke Faruwa a Cikin Rezin

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi gorar robar nan da kyau. Wata mai kunun zaƙi a Ƙofar Marusa ce ta yi gaggawa, ta zuba mata kunu yana tururi, sai ga ta nan ta tsuke ta karkace. Ba narkewa ta yi ba, laushi ta yi.

Robar gorar ruwa dangin foliyesta ce, sunanta PET. Wasu masana biyu a Ingila, John Whinfield da James Dickson, su suka samar da ita a 1941. Cikinta sarƙoƙi ne dogaye siri-siri da suka cuɗe da juna. Idan da sanyi, sarƙoƙin a sandare suke, robar na da tauri kamar gilashi. Da zafi ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas sai su sami sakewa su fara motsi, robar ta koma mai danƙo. Kowace roba da tata iyakar. Ta danƙon itace tana can wajen digiri 70 ƙasa da sifili, shi ya sa ko a tsakiyar hunturun Katsina tayar keke ba ta sandarewa. Wannan iyaka ba wasa ba ce. A watan Janairun 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse da mutum 7, domin sanyin da aka kwana da shi ya hana wani zoben roba toshe mahaɗar roket yadda ya kamata.

To, mu leƙa garejin fanal-bita. Ga maigida ya buɗe gwangwanin rezin, ruwa mai kauri kamar zuma, ga warin nan mai hawa kai. Warin sitairin ne, ruwan da aka narka wata irin foliyesta a ciki. Ya ce da yaronsa, “Kai, miƙo maganin daskarewa, ka ɗiga a hankali.” Wannan ɗigon, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari kawai, shi ke sa sitairin ya ɗaure sarƙoƙin da juna ta ko'ina, kamar saƙar raga. Taɓa gwangwanin ka ji ya yi ɗumi. Daga nan ba komawa baya: ko an gasa shi, laushi kaɗai zai yi, ba zai sake zama ruwa ba.

Amma a nan gizo ke saƙar. Ɗaurin da ya ba shi tauri, shi ne ya ba shi gautsi. Sarƙoƙin ba su da wurin motsi, don haka idan tsaga ta fara, ko da ƙanƙanuwa ce, duk ƙarfin bugun yana taruwa a bakinta, sai ta keta gaba ɗaya kamar an ja layi a gilashi.

Maginanmu sun daɗe da sanin maganin wannan. Wanda ya taɓa ganin ana kwaɓa ƙasar gini a garin da Hasumiyar Gobarau take, ya san ba a barinta zalla, sai an tattake ta da busasshiyar ciyawa. Tabarmar faiba, wato ta zaren gilashi, da fanal-bita ke shimfiɗawa cikin rezin, aikin ciyawar nan take yi: tsaga ta zo ta tarar da zaren gilashi, dole ta kauce ko ta tsaya.

Dabara ta biyu ita ta fi burge ni. Ana zuba ɗan ruwan danƙo a cikin rezin tun kafin ya daskare. Yayin daskarewa sai danƙon ya ware, ya zama ƙwayoyi birjik waɗanda ido ba ya gani. Idan tsaga ta iso, ƙwayar danƙon takan miƙe, ta yi ɗan rami a cikinta, rezin ɗin da ke kewaye da ita ya ɗan saki jiki ya shanye bugun. Tsagar na biyan kuɗin hanya a kowace ƙwaya har ƙarfinta ya ƙare. Irin wannan ne a cikin robar ABS ta jikin kayan lantarki da yawa. Farin tabon da kuke gani idan kun lanƙwasa irin wannan roba, alamar ƙwayoyin ce suna aiki. Dabarar ta fi karɓar wani nau'in rezin da ake kira efoksi. Foliyesta ba ya haɗuwa da danƙon cikin sauƙi. Kuma idan danƙon ya yi yawa, tauri ya ragu, jure zafi ma ya ragu.

Masu wannan sana'a, don Allah ku ji wannan. A zafin Afrilu rezin na saurin kamawa, sai a rage magani, a kwaɓa kaɗan-kaɗan a inuwa. Idan an cika maganin, zafi ya yi yawa, aikin ya tsattsage tun kafin a kai ga goge shi. Kada a taɓa haɗa maganin daskarewa da ruwan kobalt ɗin nan mai launin shunayya, wanda ke hanzarta daskarewa, kai tsaye, yana iya kamawa da wuta. A fara gauraya kobalt ɗin a cikin rezin tukuna. Kuma a saya wa yaran gareji tabarau, domin ɗigo ɗaya na maganin nan a ido yana iya makantar da mutum.