Ina na aje mashin yau? Yadda ƙwaƙwalwa ke raba jiya da yau

Assalamu alaikum jama'a. Ka taɓa fitowa daga babbar kasuwar Birnin Kebbi da kaya niƙi-niƙi, ka nufi gindin darbejiyar da ka aje mashin, sai ka ga wayam, gabanka ya faɗi ka fara salati, can sai ka tuna ai jiya ne ka aje shi nan, yau kusa da mai shayi ka bar shi? To wanga abu ba mantuwa ba ne hwa. Ƙwaƙwalwarka ta riƙe duka biyun, cakuɗewa suka yi don sun yi kama da yawa, kasuwa guda, mashin guda, rana ma iri guda.

Can cikin kai, wajen saitin kunnuwa, dama da hagu, akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfas, sunan daga Girkanci ne, dokin teku, don kamar shi ya lanƙwashe. A 1953 a Amurka likita ya cire ma wani mai farfaɗiya, Henry Molaison, mafi yawan wanga sashe ta ɓangaren biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma tun daga nan har ya rasu a 2008 in kun gaisa yanzu ka fita ka dawo sai ya tarbe ka kamar baƙo. Wallahi labarin nan yana taɓa ni duk sanda na tuna shi.

To yanzu ku bi wayoyin ƙwaƙwalwa da ni, don nan maganar take. Abin da ka gani da wanda ka ji suna fara taruwa a wata tasha mai suna entorainal, daga nan wani kauri na jijiyoyi ya kwashe su ya kai wani lungu na hifokamfas da ake ce ma dantet jairas. A ɓera an ƙirga, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke aiko saƙon kusan 200,000 ne, masu karɓa kuwa kusan miliyan 1, kuma cikinsu 'yan kaɗan ne ke motsawa a lokaci guda, saura shiru. Ka ɗauka buhunan shinkafa ne na mutum biyu, in ka cusa su a ƙaramin shago dole su haɗe ka kasa gane na wa ne na wa, amma in ka samu filin shanya mai faɗi, na Malam can gabas, na Alhaji can yamma. Haka dantet ke yi, jiya ta kunna wasu ƙwayoyi, yau ta kunna wasu daban, ko da bambancin ɗan ƙalilan ne.

Gaba da shi akwai wani lungun hifokamfas mai suna CA3, shi kuma aikinsa akasin haka. Ƙwayoyinsa a ɗaure suke da junansu, ka taɓa ɗaya saura su amsa, shi ya sa ƙamshin kifin Argungu kaɗai ya isa ya dawo maka da bikin kamun kifi na kogin Matan Fada gaba ɗaya, da ganguna da ƙorai da hayaniya. Tun 1971 wani masani ɗan Ingila, David Marr, ya yi hasashen irin wanga cike gurbi. Dantet na rarrabewa, CA3 na haɗawa, kullum suna ja-in-ja.

An gwada a mutane ma. A sa mutum cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana nuna mai hotuna, wani sabo, wani an maimaita, wani kuma mai kama da na baya amma ba shi ba ne. Yankin dantet da CA3 sai ya ɗauki mai kaman a matsayin sabo, bai yarda an yaudare shi ba.

Da tsufa ya zo, wancan kaurin jijiyoyi da ke shiga dantet yakan fara lalacewa, sai mai haɗawa ya fi ƙarfin mai rarrabewa. Shi ya sa Baba zai rantse ya sha maganin safe, alhali na jiya yake tunawa, ba gardama ba ce kuma ba ƙarya yake ba. Ku saya mai akwatin magani mai ɗakunan kwana bakwai ko ku riƙa yin alama a kalanda. In kuma abin ya kai shina ɓata a hanyar masallacin unguwarsu, ku kai shi asibiti da wuri, don tashar entorainal ɗin nan tana cikin wuraren da cutar mantuwa ta Alzaima ke fara kamawa.