Daga Aboabo: yadda ake yi wa jini shaida da gudunsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da safiya daga Aboabo, nan Kumasi. Ku yi haƙuri da ƙarar tiro-tiro, wato ƙananan bas-bas na haya, ina bakin titi ne wajen mai koko da ƙosai. Wata takwas ke nan da na baro Katsina na zo karatun ɗaukar hoton cikin jiki, kuma yau ga abin da ya hana ni barci.

Daren jiya Hajiya mai gidanmu ta aiko a kira ni. Jikanta mai shekara 9 yana da sikila, kwanaki hannunsa na hagu ya yi nauyi, likita ya ce a yi masa hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI. Ta ce: "Ɗana, an ce sai an ɗura masa wani ruwa a jijiya. Babu wata hanya?" Na ce: "Hajiya, likitansa ne zai yanke, amma akwai hoton da jinin mutum kansa ke zama ruwan."

Ruwan da take nufi shi ne gadoliniyam, wanda ake taka-tsantsan da shi ga mai ciwon ƙoda, ga shi sikila kan taɓa ƙoda. Ɗaya hanyar kuwa ana kiran ta ASL, wato yi wa jinin jijiya shaida da maganaɗisu, tun 1992 John Detre da Donald Williams da abokan aikinsu suka fito da ita. Babu allura. Na'urar kan aika igiyar rediyo daidai wuya, ta juya maganaɗisun ruwan da ke cikin jinin da ke hawa kai. An yi masa shaida ke nan. Sai a ɗan jira, a ɗauki hoto, a sake ɗaukar wani ba tare da shaida ba, a debe wannan daga wancan. Bambancin bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ake ta maimaitawa. Daga nan ake lissafa jinin da ke ratsa ƙwaƙwalwa: a baligi mai lafiya, kimanin mililita 50 a kowane giram 100 a minti ɗaya.

Amma shaidar ba ta daɗewa. Kafin sakan 2 fiye da rabinta ya dushe.

Bari in juya muku kyamara ku ga titin nan. A ce ka tsaya a hanyar Tafo kana shafa wa kowace mota alli, wani kuma yana Kejetia, babbar kasuwar tsakiyar gari, yana ƙirga masu allin, ga ruwan sama yana wanke shi. In hanya ta toshe, direbobi suka bi lungunan Asawase, za su iso, amma ba alli. Mai ƙirga sai ya ce ba mota. Haka yake faruwa ga yaron da manyan jijiyoyin kansa suka tsuke, jini ya nemi ƙananan hanyoyi na zagaye. Jinin yana zuwa, ya makara ne kawai, hoton kuma ya nuna wurin kamar ya bushe. Wannan kuskure ne mai tsada, domin a kan hoton ake yanke shawara.

A nan dabarar Eric Wong da abokansa na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ta shigo, a 2006. Suka ce a bar tambayar ina jinin yake, a koma ga gudunsa. Duk jinin da ya zarce wani gudu, galibi santimita 2 a sakan, ya samu shaida, ko a wuya yake ko a can tsakiyar kai. Lokacin ɗaukar hoto kuma ba a ƙirga sai wanda ya rage gudu, wato ya riga ya shiga 'yan siraran jijiyoyin da ke ciyar da naman ƙwaƙwalwa. Tunda a bakin ƙofa aka yi masa shaidar, nisan zagaye bai dame shi ba. Wallahi ranar da na fahimci wannan sai da na tashi daga kujera.

Tana da nata rauni: ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa shi ma yana motsi, yakan ɓata lissafi, kuma in yaro ya motsa kai an koma baya.

Abin ya shafe mu ƙwarai. A Gana kusan jarirai 2 cikin 100 ana haihuwarsu da sikila, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai a 1995, a asibitin Komfo Anokye, ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Iyaye, kada ku jira MRI: akwai gwajin sauti mai sauƙi da ake ɗorawa a gefen kai, in gudun jini ya kai santimita 200 a sakan, yaro na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ku tambayi likita tun yaro na shekara 2.

Hajiya ta ce in raka su ranar Talata, kuma na rubuta mata tambayar da za mu yi wa likitan a takarda. Ga motar Tek, wato wajen jami'ar fasaha ta Kumasi, ta tsaya, sai na dawo da yamma.