Amsoshin Tambayoyinku: Wane Gilashi Ya Dace da Matuƙin Jirgi Mara Inji?

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan uwa mazaunin jihar Hessen a ƙasar Jamus. Ya ce ya fara koyon tuƙin jirgi mara inji a tsaunin Wasserkuppe, ya haura shekara 40, kuma ba ya hangen nesa sai da gilashin likita. Yana tambaya wane iri ya kamata a yanka masa, kuma ko mai kashe ƙyalli, wato folarais, zai yi.

To malam, ka samu wuri, domin tun 1920 ake gasar irin wannan jirgi a tsaunin nan. Shi wannan jirgi iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa yake hawa, yana kewaye kamar yadda shirwa ke yi da tsakar rana. Inda iskar take, nan kowa ke taruwa, sai ka ga jirage da dama suna juyi wuri guda. Akwai na'urar FLARM mai yin gargaɗi idan wani jirgi ya kusanto ka, amma idonka ne kariya ta farko. Farin jirgi siriri daga nesa ɗigo ne kawai, saboda haka a fara da awon ido sabo, kada ka dogara da tsohuwar takarda.

Shekarunka ma suna da magana. Bayan 40 ganin kusa yakan fara rauni, ga shi kana buƙatar karanta agogunan gabanka. Ka zauna cikin jirgin a kishingiɗe yadda kake tuƙi, a auna tazarar idonka zuwa agogunan da tef, ka kai wa mai yanka gilashi wannan awon. Gilashi mai hawa biyu, wato na nesa a sama, na kusa a ƙasa, yana yi. Mai gangare, wanda ba shi da layi a tsakiya, shi ma yana yi, sai dai yakan karkatar da abin da ke gefe, don haka ka saba da shi a ƙasa kafin ka sauka da jirgi da shi. Firam ɗin kuma ya zama mai faɗin fuska da siraran hannuwa, kada ya tare maka gefe.

Batun folarais kuwa, ni dai ban ba ka shawara ba. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ce matuƙa su guje shi. Murfin jirgin na roba ne, ta cikin irin wannan gilashi sai ka riƙa ganin dabbare-dabbaren launi a jikinsa, allon kwamfutarka na iya yin baƙi idan ka karkata kai, sannan yana kashe walƙiyar fiffiken wani jirgi, alhali wannan walƙiyar ce kan fara nuna maka shi. Hukumar ta fi son ruwan toka mai barin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na haske ya wuce. Mai rikiɗa da rana shi ma ba abin dogaro ba ne, domin murfin na tare wani ɓangare na hasken da ke sa shi duhu, kuma yana jinkirin washewa.

Lallai gilashin ya kasance mai tare hasken ranar nan mai ƙona ido da ake kira UV, wanda ke ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowace mita 1,000 da ka hau. Kuma a dokar Turai, matuƙin da aka rubuta wa gilashi a takardar lafiyarsa sai ya tafi da na biyu. Ka ajiye shi a aljihun gefen kujera inda hannunka zai kai ba tare da ka kwance bel ba. Allah ya sa a sauka lafiya.