Shekarar da Kwandon Baiko Ya Daina Zagayawa

Assalamu alaikum, jama'a. Salamar Ubangiji ta kasance tare da mu duka.

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, Malam Liman, ranka ya daɗe Fada, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa da kuka baro ayyukanku kuka zo, barkanmu da ganin juna lafiya. Shugaba ne ya ce in tashi in ba da labarin yadda ikilisiyoyin Katolika suka ƙetare annobar korona, saboda ina cikin kwamitin kuɗi na farish ɗinmu, ga shi kuma ƙungiyarmu tana son sake tsarin asusunta. Na san mafi yawanmu a nan Musulmi ne, don haka zan riƙa tsayawa ina fayyace abubuwan da 'yan'uwana Kiristoci suka riga suka sani. Su yi mini haƙuri.

Akwai zaton da na sha ji, har daga bakin 'yan Katolika: wai Fafaroma ne ke aiko wa kowace coci kuɗi daga Rum. Ba haka ba ne. A wannan ɗarika daga ƙasa kuɗi yake hawa sama. Farish, wato ikilisiyar unguwa da ke ƙarƙashin Fada guda, ita ke biyan kuɗin wutarta da na ɗumama gini da inshora da gyaran rufi da albashin sakatare, sannan ta cire wani kaso ta miƙa wa dayosis, inda Bishop yake. Daga ina take samu? Daga kwandon baiko, wato sadakar masu ibada, da ke zagayawa ranar Lahadi, da ɗan abin da ake sakawa a akwati idan an kunna kyandir, da baikon da mutum ke bayarwa idan ya roƙi a yi wa mamacinsa Mas, wato babbar ibadar Katolika, da hayar zaure. Irin wannan zauren da muke zaune a ciki yanzu, kuɗin da ma'ajinmu ke biya duk wata yana cikin abin da ke riƙe da cocin da ke gefe. Ku lura da abu ɗaya: duk waɗannan hanyoyi sai mutum ya zo da ƙafarsa.

To, ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. Italiya ta riga ta dakatar da Mas na jama'a 'yan kwanaki kafin nan. A nan Ingila da Wales, bishop-bishop sun tsayar da Mas daga yammacin 20 ga Maris, bayan kwana uku kuma aka rufe ƙofofin coci baki ɗaya. A Ingila ba a koma Mas ba sai 4 ga Yuli, a watan Nuwamba aka sake rufewa. Ista ta faɗo ranar 12 ga Afrilu, a tsakiyar kulle. Wannan ya fi taɓa firistoci fiye da yadda jama'a suka sani, domin a dayosis da dama na ƙasar nan baikon Ista da na Kirsimeti shi ne babban abin da Fada ke samu don buƙatun kansa. A waccan shekarar Fada ya tsaya a bagade shi kaɗai, ga wayar salula a kan sanda tana haska shi zuwa Facebook, kujeru kuwa fayau.

Da aka buɗe ma, abin bai koma daidai ba. An ɗaure benci da igiya, a bar ɗaya a tsallake ɗaya. An zubar da ruwa mai tsarki da ke bakin ƙofa, aka ajiye man wanke hannu a madadinsa. Ba waƙa, ba musafahar salama, sai ka yi rajistar kujera tun kafin Lahadi. An hana miƙa kwando daga hannu zuwa hannu, sai a ajiye shi a ƙofar fita. Duk wanda ya taɓa ƙirga baiko ya san bambancin. Kwandon da ya tsaya a gabanka, maƙwabcinka na kallo, daban yake da wanda za ka wuce shi kana gyara takunkumin fuska kana sauri ka fita.

Abin da ya riƙe mu shi ne mutanen da suka riga suka ba bankinsu umarni ya riƙa tura wa farish wani abu duk wata. Kafin annoba ba su da yawa, kuma ba ma ɗaukarsu da wani muhimmanci. Da aka rufe ƙofa sai ga shi kuɗinsu ne kaɗai ke shigowa. Ga kuma tsarin Gift Aid na ƙasar nan, inda gwamnati ke ƙara kwabo 25 a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar, muddin ya cika takarda da sunansa. Wanda ya jefa tsabar kuɗi a kwando ba mu san shi ba, ba mu da lambarsa, ba mu da inda za mu same shi. Akwai wata tsohuwa da ba ta yarda da banki a waya ba. Duk mako sai ta sa baikonta a ambulan, ta rubuta ranar Lahadin a bayansa, ta jera a cikin durowa. Ran da aka sassauta kulle ta kawo su ɗaure da roba, ta zura ta ƙofar gidan Fada, babu mako ɗaya da ta tsallake. Amma irinta nawa ne?

Kowace ƙasa da yadda abin ya zo mata. A Jamus gwamnati ce ke karɓar wa coci haraji, kashi 8 ko 9 cikin 100 na harajin da mai albashi ke biya, don haka rufe ƙofa bai yanke musu kuɗi nan take ba. Nasu ciwon daban ne: a 2022 kaɗai mutum fiye da 500,000 suka je hukuma suka cire sunansu daga ɗarikar. A Italiya akwai kaso 8 cikin 1,000 na harajin jama'a da mutum ke zaɓar inda za a kai. A Amurka, kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito a Yulin 2020 cewa cibiyoyin Katolika sun samu aƙalla dala biliyan 1.4 daga tallafin da gwamnati ta ware don kada a kori ma'aikata, kuma an yi ta ce-ce-ku-ce a kai. A nan ma an tura ma'aikatan farish hutun dole, gwamnati na biyan kashi 80 cikin 100 na albashinsu. Ikilisiyoyin ƙasashe marasa ƙarfi kuwa ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Fadar Vatican ita ma ta ji a jikinta. Gidajen tarihinta, waɗanda ke karɓar baƙi fiye da miliyan 6 a shekara, sun yi watanni a rufe. Baikon da ake tara wa Fafaroma a ƙarshen Yuni an ɗage shi zuwa 4 ga Oktoba. A Maris 2021 marigayi Fafaroma Francis ya rage albashin kadinal-kadinal, wato manyan mashawartansa, da kashi 10 cikin 100, na manyan shugabannin ofisoshi da kashi 8, na firistoci da sistoci da kashi 3, ya ce ba za a kori kowa ba. Ni dai wannan mataki ya burge ni, domin daga sama aka fara yankan.

Yanzu bari in zo inda na fi so ku saurara. Dokar ikilisiya ta 1983, a sashe na 537, ta wajabta wa kowace farish ta kafa kwamitin kuɗi. Sashe na 1287 kuma ya ce masu riƙe da dukiya su ba jama'a bayanin abin da suka bayar. Doka ce tsohuwa, amma a wurare da yawa a takarda kawai take. Annoba ce ta tilasta mana bin ta. Ba za ka rubuta wa mutumin da aka sallama daga aiki wasiƙa ka ce ya taimaka wa coci ba, alhali bai taɓa ganin lissafinka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka buga abin da ya shigo da abin da ya fita a shafi ɗaya, har kuɗin gyaran tukunyar ɗumama gini, muka aika wa kowa. Kuma kafin mu roƙi kowa sai da muka raba sunayen tsofaffi a tsakaninmu muna kiransu a waya, muna tambayar ko akwai mai sayo musu magani. Na ga mutanen da ba su taɓa bayar da komai ba sun fara bayarwa bayan wannan kiran. Wata farish da na sani ta fara da wasiƙar roƙo, kuma har yau jama'arta ba su manta ba. A Yulin 2020 Vatican ta fitar da wata takarda kan rayuwar farish, inda ta ja kunnen firistoci kada baikon baftisma ko aure ko jana'iza ya zama kamar farashin da aka ƙayyade. Lokacin da aljihun coci ya fi bushewa aka faɗi wannan, kuma daidai ne.

Kuɗi dai ana iya sake tarawa. Mutanen da aka rasa fa? A Italiya firistoci fiye da 200 suka rasu da cutar a shekarar farko, dayosis ɗin Bergamo kaɗai ta binne fiye da 20 cikin 'yan makonni. A garin Livonia na jihar Michigan, gidan sistoci guda ya rasa mata 13, goma sha biyu daga cikinsu cikin wata ɗaya. Yawancinsu tsofaffi ne, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya. Firistocin asibiti suna shiga da rigar kariya, su shafa wa mara lafiya mai da ɗan auduga a kan tsinke, domin ba a yarda fata ta taɓa fata ba. Da yawa cikinmu sun ga hoton ranar 27 ga Maris 2020, Fafaroma yana addu'a shi kaɗai a dandalin St. Peter na Vatican ana ruwan sama.

Wa zai maye gurbinsu? Mu Katolika muna ce wa shiga aikin Fada ko Sista kira, kuma a ganina kira ba ya zuwa ta allon waya. Yaro yana fara hidima a bagade, yana riƙe wa Fada littafi, yana ganin yadda yake zuwa gaida mara lafiya, wata rana wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, ɗana, ka taɓa tunanin shiga saminari? Wannan hanyar ce ta toshe kusan shekara biyu. An sallami ɗaliban saminari, wato makarantar horar da firistoci, zuwa gida, an ɗage naɗin sababbin firistoci, waɗanda aka naɗa kuma iyayensu da yawa ta intanet suka kalla. Alƙaluman Vatican sun nuna manyan ɗaliban saminari a duniya sun ragu daga kimanin 114,000 a 2019 zuwa kimanin 108,000 a 2022, sistoci kuma sun sauko ƙasa da 600,000. Gaskiya ita ce raguwar ta fara tun kafin korona, annoba ta ƙara mata gudu ne. Horar da Fada yana cin shekara shida zuwa sama, saboda haka giɓin da aka samu a 2020 yanzu ne za a fara ganinsa a bagade.

Afirka ce nahiyar da adadin ke ƙaruwa, shi ya sa kuke ganin firistocinmu a coci-cocin ƙasar nan. A 1957 Fafaroma Pius XII ya roƙi bishop-bishop na Turai su aro wa Afirka firistoci, yau Turai ce ke aro. Sai dai saminarin da ke horar da su da yawa suna samun tallafi ne daga asusun da wata Bafaranshiya, Jeanne Bigard, da mahaifiyarta suka kafa a 1889, wanda babbar saminarin Enugu ke ɗauke da sunansu. Wannan asusu kuwa da baikon coci-coci irin na nan ake cika shi. Kun ga yadda abin ke zagayawa: kwandon da bai zagaya a Turai ba, ɗalibi a wata nahiya ne ya ji shi a kwanon abincinsa. Fafaroma ya buɗe asusun gaggawa a Afrilun 2020 da dala 750,000, wanda kowa ya san somin-taɓi ne kawai.

Jama'a kuma ba su dawo duka ba. Masu zuwa Mas a Ingila da Wales sun kai kimanin 700,000 a 2019, suka sauka ƙasa da 400,000 a 2021, suka haura 500,000 a 2022. Sai ranar idin Fentikos, a Yunin 2022, bishop-bishop suka maido da wajibcin zuwa coci ranar Lahadi. Wasu sun rasu, wasu tsoro bai sake su ba, wasu kuma sun saba da zama a kujerar falo. Malam Liman zai faɗa muku ko a masallaci an ga irin haka.

Mai girma shugaba, Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙungiyarmu ma a ranar taro take karɓar kuɗinta, hannu da hannu, kuma mun san yadda asusun jana'iza ya kasance a lokacin da ba mu iya haɗuwa. Ina kawo shawara gaban wannan zama cewa kowane mamba ya koma tura kuɗin wata ta banki, sakatare ya sabunta rajistar sunaye da lambobin waya kafin taro mai zuwa, tare da alama a gaban sunan duk dattijon da ke zaune shi kaɗai, ma'aji kuma ya riƙa kawo mana lissafi a shafi ɗaya duk bayan wata uku. Idan akwai mai goyon baya ya ɗaga hannu, sai a buɗe muhawara. Na gode, Allah ya saka da alheri.