Amsoshin Tambayoyinku: Suwizalan mai harsuna huɗu, wa ke jin wanne?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon uku ne, kuma kamar haɗin baki, duk a kan ƙasar Suwizalan suka faɗo.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Damagaram. Yana cewa: "Na ji an ce Suwizalan harsunan hukuma huɗu gare ta. Shin kowane ɗan ƙasar yana jin duka huɗun ne? In ba haka ba, yaya ake mulki?"

To Malam, ba kowa ke jin huɗun ba. Cikin mutum 100, kimanin 62 Jamusanci ne babban harshensu, 23 Faransanci, 8 Italiyanci, masu harshen Romansh kuwa ko mutum ɗaya cikakke ba su kai ba. Sannan akwai ɗan gyara a tambayar taka. Tsarin mulkinsu ya kira huɗun harsunan ƙasa, amma uku ne na hukuma cikakku. Romansh ya zama harshen ƙasa ne a 1938 bayan ƙuri'ar raba gardama, sai a 1996 aka amince gwamnatin tarayya ta riƙa aiki da shi, shi ma in da masu harshen take hulɗa.

Yadda aka tsara abin, harshe ƙasa yake bi, ba ya bin mutum. Jihohi 26 ne, suna kiran su kanton, kowace ita ke tsayar da harshen aikinta. Jihohi 17 Jamusanci zalla. Huɗu na yamma, wato Jeneba da Vaud da Neuchâtel da Jura, Faransanci. Ticino ta kudu, maƙwabciyar Italiya, Italiyanci. Bern da Fribourg da Valais harshe biyu-biyu, Jamusanci da Faransanci. Graubünden ta gabas ita kaɗai ke da uku: Jamusanci, Romansh da Italiyanci.

Ga abin da hakan ke nufi a aikace. Magidanci ya kwashe iyalinsa daga Zurik mai Jamusanci ya koma Lausanne ta jihar Vaud mai Faransanci, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci a jirgin ƙasa. Ranar da ya kai yaronsa makarantar gwamnati, da Faransanci za a koya masa lissafi. Takardar haraji da Faransanci za ta zo, in ya shiga kotun jiha da Faransanci za a yi shari'a. Ba shi da bakin cewa ai mu ne masu rinjaye a ƙasa. Da gwamnatin tarayya ne kawai yake da zaɓi: ya rubuta mata da wanda ya so cikin harsunan, da shi za a ba shi amsa.

Dokokin tarayya kuwa ana fitar da su cikin Jamusanci da Faransanci da Italiyanci, kuma a idon shari'a babu asali babu fassara, ƙarfinsu ɗaya. In lafazi ya saɓa, alƙali zai jera ukun ya duba wanne ya fi dacewa da manufar dokar. Sai dai a ofis, yawancin takardu da Jamusanci ake fara rubuta su, masu Italiyanci su ne a ƙarshen layi. Haka a majalisa: majalisar wakilai mai kujeru 200 tana da tafintoci, ta dattawa mai kujeru 46 babu, kowa ya yi magana da harshensa, sauran su yi ƙoƙarin fahimta. Shi ya sa wakilin Ticino, in yana so maganarsa ta shiga kunne, yakan ajiye Italiyancinsa ya ari Jamusanci ko Faransanci.

Af, harufan CH da ake gani a motocinsu da adireshin intanet ɗinsu, daga Latin ne, Confoederatio Helvetica. An ɗauko harshen da ba na kowa ba don kada a ce an fifita wani.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Kumasi. Ta ce ɗanta ya yi shekara biyu yana koyon Jamusanci da niyyar karatu a Zurik, sai aka ce masa Jamusancin can daban ne. Tana tambaya ko wahalar banza ya yi.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, bai yi asara ba, amma wanda ya gaya masa bai yi ƙarya ba. Jamusanci iri biyu ne a can. Akwai daidaitacce, irin wanda ɗanki ya koya, da shi ake rubutu, da shi ake lacca a jami'a, da shi ake karanta manyan labarai. Akwai kuma karin harshen gida, wanda da shi ake ciniki da hira a ofis, talaka da attajiri da farfesa duk shi suke yi, ba a ɗauke shi ƙauyanci ba. Tazarar ta wuce ta Kananci da Sakkwatanci nesa ba kusa ba, domin Bajamushen Hamburg ma in ya sauka Bern yakan yi makonni yana kasa kunne kafin ya kama zaren magana. Saboda haka a aji zai fahimci malami, a shagon burodi ne zai yi zuru. Maganinsa ya roƙi a yi masa daidaitaccen, za a yi, kunnensa kuma zai saba a hankali. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya duba jihar da makarantar take kafin ya cike takarda, don Jamusancinsa ba zai yi masa rana a Jeneba ba.

Wannan bambanci ma yana cikin abin da ke ɓata wa masu Faransanci rai. Yaro ya yi shekaru yana haddar Jamusancin littafi a Lausanne, ya ƙetara gabas ya tarar ba shi ake yi a titi ba. Ƙarshenta sai a ga 'yan ƙasa ɗaya suna hira da Ingilishi. Su kuwa masu jin Faransanci daga Nijar ko Kamaru ba su da wannan matsala, Faransancin can kusan ɗaya ne da na Faransa. Sai dai a kula da ƙirga: saba'in septante suke cewa, casa'in nonante, a wasu jihohin ma tamanin huitante.

Ta uku daga wani ɗan'uwa ne a Garwa ta Kamaru, gajeruwa: "Su ba sa rigima a kan harshe ne?"

Suna yi, ɗan'uwa, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. Babbar rigimar ita ce ta Jura, yankin masu Faransanci da aka liƙa wa jihar Bern a 1815. A 1947 majalisar Bern ta hana wani ɗan yankin, Georges Moeckli, riƙe ma'aikatar ayyuka saboda harshensa, daga nan wutar neman ɓallewa ta kama. An kaɗa ƙuri'a a 1974, ƙasa baki ɗaya ta amince a 1978, Jura ta zama jiha a farkon 1979. Abin lura shi ne ba duk masu Faransancin suka bi ba. Gundumomin arewa, mabiya Katolika, suka fita; na kudu, 'yan Furotesta, suka zaɓi zama da Bern. Garin Moutier, da ke cikin na kudun, sai da ya yi ƙuri'a a 2017, aka soke ta, aka sake a 2021, sannan ya tabbatar da komawa Jura.

A ganinmu nan ne bakin zaren. Iyakar harshe da iyakar ɗarika ba su hau kan juna ba: Zurik da Jeneba harshe daban, amma duk tarihin Furotesta gare su, Lucerne da Fribourg kuma Katolika. Wanda kuka raba harshe da shi, kun haɗa coci. Ga shi kuma makaranta da kotu suna hannun jiha. Kai da ke Kamaru ka san rikicin yankunan nan biyu masu Ingilishi a 2016 daga yajin aikin lauyoyi da malamai ya faro, kan turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci. A tsarin Suwizalan gwamnatin tsakiya ba ta da hurumin tura wa jiha malamin firamare ko alƙalin kotunta.

Duk da haka ɓarakar tana bayyana ranar zaɓe. A 1992, kan shiga yankin tattalin arzikin Turai, jihohin Faransanci suka ce e da gagarumin rinjaye, yawancin na Jamusanci suka ce a'a, aka kayar da batun da ƙyar, da kashi 50.3. Har suna suka sa wa wannan ɓaraka, Röstigraben, wato ramin rösti, wani soyayyen dankalin Turawa da aka san masu Jamusanci da shi. Akwai kuma taƙaddamar makaranta: Zurik da wasu jihohin gabas sun sa Ingilishi gaba da Faransanci a firamare, na yamma suna kallon hakan a matsayin raini.

Romansh ne dai ke jin jiki. Masu shi kimanin dubu arba'in ne, yawancinsu a kwarurukan Graubünden, kusan dukkansu suna jin Jamusanci, ga shi ya rabu kari biyar, kowanne da salon rubutunsa. A 1982 wani masanin harshe, Heinrich Schmid, ya tsara musu rubutu na bai-ɗaya mai suna Rumantsch Grischun, gwamnati ta karɓe shi tana buga takardu da shi. Da aka kai shi azuzuwa sai iyaye suka ce wannan ba harshen da suke yi wa 'ya'yansu a gida ba ne, garuruwa da dama suka kaɗa ƙuri'a suka mayar da makarantunsu kan karin kwarinsu.