Filin Jirgin Santa Monika: Abin da Matuƙa Ke Gani da Abin da Maƙwabta Ke Ji

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida shugaban taro, da malamanmu, da iyayenmu mata, da ɗalibai. An nemi in yi magana a kan ƙananan filayen jirgin sama, yadda mazauna kusa da su ke kallon su, da yadda matuƙa ke kallon su. Idan na yi maganar a dunƙule za mu watse ba wanda ya riƙe komai, don haka zan ɗauki fili guda mu bi labarinsa. Filin shi ne na garin Santa Monika, a jihar Kalifoniya ta Amurka. An haura shekara 40 ana ja-in-ja a kansa, yanzu kuma an tsayar da ranar rufe shi: 31 ga Disamba 2028.

Bari in fara gyara mana hoton da ke zukatanmu. Mu idan aka ce filin jirgi, sai mu tuna na Malam Aminu Kano, da layin awon kaya, da jigilar alhazai. Wanda nake magana a kansa ba a sayar da tikitin manyan kamfanoni a cikinsa. Titin jirgi ne ƙwaya ɗaya, da hasumiya, da rumfunan ajiye jirage, da makarantun koyon tuƙi, da bakanikai. Amurka na da filayen da kowa zai iya sauka a cikinsu wajen 5,000, amma waɗanda jiragen fasinja ke zuwa ba su wuce 500 da 'yan kai ba. Sauran duk irin wannan ne. Wanda ya taɓa zama a Zariya, ya ga ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgi suna shawagi a kan gari, suna sauka suna sake tashi, to ya san irin filin da nake nufi, ya kuma san irin ƙarar.

Ga matuƙin jirgi a Amurka, Santa Monika wuri ne mai daraja. A nan kamfanin Douglas ya kafu. Jiragen da suka fara zagaya duniya a 1924 a nan aka ƙera su. A nan jirgin DC-3 ya fara tashi, ranar 17 ga Disamba 1935, jirgin da ya sa ɗaukar fasinja ta sama ya zama sana'ar da ake cin riba a cikinta. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma'aikatan Douglas a wannan gari sun kai 44,000, ana aiki dare da rana. Saboda tsoron harin Japan, sai da aka kirawo masu shirya dandalin fim suka lulluɓe masana'antar da raga da gidajen bogi da itatuwa, ta yadda wanda ke sama zai zaci unguwa ce.

To ku riƙe wannan, domin nan ne gindin maganar. Hujjar da matuƙa suka fi kawowa ita ce: mu muka riga ku zuwa. Filin ya fi shekara 100, kai ka zo ka sayi gida a bakinsa da idonka biyu, yanzu ka ce ƙara ta dame ka? Magana ce mai ƙarfi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma su wa suka fara cika gidajen nan? Ma'aikatan Douglas ne da iyalansu. Mutum dubu arba'in da huɗu dole su sami wurin kwana, shi ya sa unguwanni suka taso har jikin shingen fili. Filin ne ya haifi unguwar. Kuma a wancan zamani ƙarar ba ta dami kowa yadda take damun na yanzu ba, saboda mai gidan da jirgi ke wucewa ta kansa, wataƙila shi ya ɗaura masa fiffike. Kamar injin niƙa ne a unguwa: mai injin kuɗi yake ji suna shigowa, maƙwabcin da ba ya da ko sisi a ciki kuwa ciwon kai kawai yake samu.

Da zamanin jet ya zo, Douglas ya nemi a tsawaita titin, garin bai yarda ba, sai aikin manyan jirage ya koma Long Beach. A 1975 aka rufe masana'antar gaba ɗaya. Albashi ya tafi, ƙara ta zauna. Shekara shida bayan haka, a 1981, majalisar gari ta ƙuduri aniyar rufe filin. Ta kasa, saboda akwai takardar da aka sa wa hannu a 1948, lokacin da gwamnatin tarayya ta mayar wa garin filin bayan yaƙi, kuma hukumar sufurin sama ta FAA ta tsaya a kan cewa takardar ta wajabta ci gaba da gudanar da shi a matsayin filin jirgi. A 1984 aka yi sulhu cewa za a bar shi a buɗe har 2015.

Yanzu mu shiga gidan maƙwabci mu tsaya a tsakar gidansa. Wasu gidajen tazararsu da ƙarshen titin jirgi ba ta wuce ƙafa 300 ba. Iska galibi daga teku take busowa, jirgi kuma yana tashi ne yana fuskantar iska. Saboda haka jiragen jet kan jeru a ƙarshen gabas, injinsu a kunne, suna jiran izinin tashi, iskar kuma tana kwashe hayaƙin tana zuba shi a gidajen da ke bayansu. Mata su rufe tagogi, a shigar da yara ɗaki, mai magana a waya ya dakata sai jirgi ya wuce. Wani abin takaici kuma, yawancin waɗannan gidaje na gabas a ƙasar birnin Los Anjeles suke. Ba sa zaɓen majalisar Santa Monika, ba su da ƙuri'a a kan filin da suke shaƙar hayaƙinsa. Ni a ganina wannan zalunci ne, ko da ba wanda ya shirya shi da gangan.

Sai maganar dalma. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010. Abin da ke Amurka bai kai ko kusa da wancan ba, kada a fahimce ni a karkace, amma likitoci sun ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira shi lafiya lau. Amurka ta hana man mota mai dalma tun 1996, amma ƙananan jirage masu farfela har yau yawancinsu da mai mai dalma suke tashi, wanda ake kira 100LL. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na dalmar da ke shiga iska a Amurka daga waɗannan jirage take fitowa, kuma a Oktoba 2023 ta bayyana a hukumance cewa barazana ce ga lafiyar jama'a. An sa burin daina amfani da shi zuwa ƙarshen 2030. Uwar da ke da jariri a bakin fili idan ta ce ba za ta iya jiran 2030 ba, wa zai ce ta yi laifi?

Su ma matuƙa suna da abin faɗa, kuma ina roƙon ku saurare su da zuciya ɗaya, domin mutane da yawa suna ɗaukan su a matsayin attajirai masu wasa da kuɗi. Akasarinsu ba haka suke ba. Akwai yaron da ke aiki biyu don ya biya kuɗin awa ɗaya ta darasi. Akwai malamin tuƙi da albashinsa bai taka kara ya karya ba, yana tara awoyi don kamfani ya ɗauke shi. Duk kyaftin ɗin da ke jan babban jirgi, a ƙaramin jirgi ya fara, a irin wannan fili. A Santa Monika ne hedkwatar ƙungiyar Angel Flight West take, inda matuƙa ke ɗaukar marasa lafiya kyauta, da jirginsu da mansu, su kai su asibitocin da ke nesa. Suna kuma tunatar da mutane cewa Kalifoniya ƙasar girgizar ƙasa ce. A girgizar 1994 wani sashe na babbar hanyar da ta haɗa Santa Monika da tsakiyar Los Anjeles ya rufta. Ranar da hanya ta yanke, titin jirgi ne ƙofar da ta rage. Kuma sun ce sun yi haƙuri iya haƙuri: ba a tashi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, ranakun hutu sai 8, akwai na'urar auna ƙara, wanda ƙarar jirginsa ta haura ma'aunin ƙara (decibel) 95 ana iya cin sa tara, sannan ana umartar su da su ɗan karkata bayan tashi su bi ta saman filin wasan golf na Penmar don su kauce wa rufin gidaje. Babbar fargabarsu ita ce filin da aka rufe ba ya dawowa. Har yau ba su manta da filin Meigs na Shikago ba, wanda magajin gari Richard Daley ya tura katafila cikin dare a ƙarshen Maris 2003 aka farfasa titinsa, jirage na ajiye a ciki.

Akwai wata rana da ta nuna yadda ido biyu ke kallon abu ɗaya su ga abu biyu. Ranar 5 ga Maris 2015, ɗan wasan fim Harrison Ford, yana da shekara 72, ya tashi daga filin a wani tsohon jirgin horo na zamanin yaƙi. Bai yi nisa ba injin ya mutu. Ya sanar da hasumiya, ya juyo, bai kai titi ba, ya taɓa kan wata itaciya ya faɗi a filin golf ɗin nan na Penmar. Ya ji rauni sosai, amma ya rayu, kuma ba wanda ya ji ciwo a ƙasa. Matuƙa suka ce kun gani, horo ya yi aiki, ya kai jirgin inda babu gida. Maƙwabta suka fito ƙofar gida suka nuna da yatsa: ga jirgin can, ga ɗakunan yaranmu nan, titi ɗaya ne tsakani. Dukkansu gaskiya suka faɗa. Wanda ya san abin da ya faru a Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002, lokacin da jirgin fasinja ya faɗo cikin gidaje jim kaɗan bayan tashinsa daga Kano, mutum fiye da 100 suka rasu, ba zai raina tsoron mai gida a bakin titin jirgi ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Inda nake ganin matuƙa suka yi asarar filin shi ne wajen jiragen jet na masu kuɗi. Daga shekarun 1990 zirga-zirgarsu ta ƙaru ƙwarai. Mutumin unguwa na iya haƙuri da ɗan makaranta mai koyon tuƙi, yana ma iya ɗaukar ɗansa su je su yi kallo. Amma a ce ya shaƙi hayaƙi don wani attajiri ya guje wa cunkoson babban filin Los Anjeles, wannan ba ya haɗiyuwa. A 2008 garin ya yi dokar hana jet mafi girma da sauri sauka, FAA ta ƙalubalanta, kotu ta ba ta gaskiya a 2011. Ƙungiyoyin matuƙa suka tsaya tare da masu jet, bisa tunanin cewa idan aka kori wani yau, gobe kowa za a kora. Na fahimci lissafin, amma ina ganin ya cuce su. Sun yi ta cin nasara a kotu, suna rasa mutanen gari.

A Nuwamba 2014 aka kai maganar akwatin zaɓe. Ƙudurin da ƙungiyoyin jirage suka ɗauki nauyi ya faɗi. Na maƙwabta ya wuce da kusan kashi 60 cikin 100, kuma ya tanadi cewa idan an rufe filin, ba abin da za a yi a ƙasar sai wuraren shaƙatawa da wasanni, in ba da sabuwar ƙuri'ar jama'a ba. A Janairu 2017 garin da FAA suka sasanta: a bar filin zuwa ƙarshen 2028, amma a gajarta titin nan take. A Disamba na shekarar aka rage shi daga ƙafa 4,973 zuwa 3,500, manyan jet suka daina iya amfani da shi, zirga-zirgar jet ta faɗi warwas. Ku lura, abin da maƙwabta suka nema tun 2008 ke nan. Da an ba su shi a lokacin, da yardar matuƙa, ina kyautata zaton da yau ba a maganar rufewa.

Ƙasar filin eka 227 ce, kusa da teku, a ɗaya daga cikin wurare mafi tsadar ƙasa a Amurka. Don haka wata sabuwar muhawara ta taso tsakanin maƙwabtan kansu: masu son lambu zalla, da masu cewa garin na fama da tsadar haya, a gina gidaje a wani sashe.

Na ga hannu a baya. Hajiya, bismillah.

(An tambayi malam: idan an rufe filin, ina jiragen za su koma?)

Na gode, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Jiragen ba za su ɓace ba. Za su watsu zuwa filayen da ke kewaye, irin su Van Nuys da Hawthorne da Torrance da Whiteman, kuma kowannensu na da nasa maƙwabtan da ke kuka. Whiteman yana unguwar Pacoima ne, inda akasarin mazauna talakawa ne 'yan asalin Latin Amurka. A can ne a Janairu 2022 wani ƙaramin jirgi ya faɗo a kan layin dogo, 'yan sanda suka fizgo matuƙin jina-jina, daƙiƙu kaɗan kafin jirgin ƙasa ya yi kaca-kaca da jirgin. Su ma mutanen can suna neman a rufe nasu. Sai dai Santa Monika gari ne mai kuɗi, wanda ya iya riƙe lauyoyi shekara da shekaru yana shari'a da gwamnatin tarayya. Mutanen Pacoima ba su da wannan ƙarfin, kuma filin nasu ma ba mallakar unguwarsu ba ne, na gundumar Los Anjeles ne. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk labarin, Hajiya, kuma shi ya sa duk da ina tare da maƙwabtan Santa Monika a kan hayaƙi da dalma, ban so a ce rufewa aka zaɓa ba. Akwai wata tambayar kafin a kira salla?